Mai Faci a Gindin Allo

Shekara goma sha ɗaya ina faci a nan,
bakin shataletalen Ƙofar Ƙaura,
ni da injin iska mai tarin tsofaffi,
da bahon da nake nutsa tub a ciki
in jira kumfa ta nuna mini inda ciwon yake.

Bara aka dasa shi bisa kaina.
Ƙafafun ƙarfe biyu, allo faɗin ɗaki.
Unguwa ta yi duhu ɗungum,
shi bai san an ɗauke wuta ba.
Ban cika ganin fuskarsa ba,
ɗan gindi sai ƙeya,
sai wayoyi da kashin tantabaru.
A fuskokin masu wucewa nake karanta shi.

Goshin direba ya yi ja, lemon kwalba ne.
Ya koma shuɗi, wayar nan ce mai ido uku.
In fari ya kwararo, shinkafa ce ke tururi a faranti,
sai ka ga maƙogwaron ɗan acaɓa ya motsa,
hannu a totur, ido a sama.
Na ƙirga da yatsu, takwas nake kaiwa ya sake riga.
Kafin takwas ɗin nan
mota ta cinye tazarar masallacin can
zuwa kaskon Ladidi mai awara,
har da ragowa.

Ran Laraba, an sallame magariba,
Tasi'u ya tsaya da kurkurarsa,
tayar gaba ta yi sanyi.
Na ba ta iska, ya ce gobe ya biya.
Shekara uku yana zubin adashi
don ya samu inda zai kafa tubali nasa na kansa,
kowa a bakin titin nan ya sani,
ashe har allon ya sani.
Yana hawa kwalta aka hasko gida,
fenti ruwan ƙwai, ƙofa mai ƙyalli,
biya kaɗan-kaɗan, ga lambar waya a ƙasa.
Na ga leɓensa yana bin lambar.

Malam Badamasi kuwa yana tafe a kekensa,
kwandon tumatir a baya, daga lambu.
Ƙarar ba ta da yawa.
Kamar an yar da tukunya a ɗakin maƙwabta.

Tumatir ya watsu har tsakiyar shataletale.
Haske ya bi ta kansu, ya maishe su shuɗi,
ya maishe su fari, ya maido musu jansu.
Tsohon yana riƙe da ƙaurinsa yana salati,
Ladidi ta bar awara tana ƙonewa.
Tasi'u ya durƙusa, hula a hannu,
wallahi Baba ƙiftawa ɗaya ce,
ƙiftawa ɗaya.
Muna kinkimar Malam zuwa mota
sai fuskokin jama'a suka yi kore,
na leƙa, karo na farko da niyya.
Manyan baƙaƙe ne:
direba, sa ido a kan hanya.
Wata mota ta ja birki da ƙarfi,
mai ita yana karantawa.

Ƙusa ta shiga taya, na san maganinta.
Gam, kanwar wuta, minti goma.
Hujin da hankali ke zurarewa ta ciki
ban ga bahon da zai nuna shi ba.

Malam yana wajen mai ɗori, an ce sai bayan salla.
Tasi'u ya fasa adashin, ya kai kuɗin magani,
yanzu ta Ƙofar Ƙwaya yake zagayawa
ko da fasinja zai yi mita.
Ɗari biyuna ban tambaya ba.

Keken yana nan jingine da ƙafar allon.
Na miƙe gargaren, na sake sifok huɗu.
Da dare sirdin yakan yi ja,
ya yi shuɗi,
ina tattara kayan aiki ina ƙirgawa.