Ɗigo a Hawa na Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Porto.
Kogin Douro ya yi barci, jiragen ruwa sun lafe a gaɓa,
ni kaɗai nake ido biyu.
Ƙarƙashin wurin wanke-wanke wani abu yana ƙirga mini lokaci,
ɗis, ɗis, cikin tsohuwar tukunyar Graciete.
Shekara arba'in da ɗaya na yi ina gyaran agogo,
kunnena ba ya yafe wa bugun da ya kauce.
Wannan kuwa sauri yake yi:
jiya goma a minti, yau sha uku.

Da safe na kira lambar da ke manne a ƙofar gida.
Yuro saba'in, in ji muryar,
kafin ma a kwance jaka ke nan.
Na kife waya.
Saba'in! Kifin wata guda, da burodi, har da canji.
Na dubi yatsuna,
su da suka sha ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar gishiri ba
su mayar da ita gurbinta babu rawa.
Yau bututu ne zai gagare su?

Na sayo sifana, na sayo farin zaren naɗi,
na sayo zoben roba uku don ban san girman ba.
Na shimfiɗa jarida, na kwanta rigingine,
kai a cikin kabad, ƙafafu a waje,
kamar wanda gida ya fara haɗiyewa.
Tsatsa ta zubo mini a gira.
Na murɗa a hankali, ya ƙi.
Na lallashe shi yadda nake lallashin agogo, ya ƙi.
Sai zuciya ta ce: ƙara ƙarfi, Abílio.

Ashe bututun ya girme ni.
Ya karye a hannuna kamar busasshen biskit,
ruwan da ya daɗe a ɗaure ya samu ƙofa.
Ina makullin ruwa?
Graciete ce ta sani,
Graciete kuwa shekara uku ke nan tana kwance a Agramonte.
Na toshe da tawul, na toshe da rigata, na toshe da addu'a.
Daga ƙasa Dona Ermelinda ta fara dukan silin da sanda:
ana ruwa a kan hoton aurenta.

Wadda ta zo yarinya ce, Idalina,
da jakar da ta kusa fin ta nauyi.
Ta leƙa bayan ƙofa, ta murɗa wani abu sau ɗaya,
gidan ya yi tsit.
Ba ta yi dariya ba, wannan ya fi mini ciwo.
Ta durƙusa, ta ƙwanƙwasa bango, ta kasa kunne,
ta runtse ido ɗaya.
A nan na gane ta.
Haka nake yi in an kawo mini agogon da ya daina magana.

Ɗari biyu da talatin,
ban da fentin silin Dona Ermelinda.
Na ƙirga mata su da jiƙaƙƙen hannu.
Za ta fita sai ta hangi madubin idona a kan tebur,
ta tsaya, ta laluba aljihu,
ta ciro agogon kakanta, bayansa duk ƙarzuwa.
Na gwada buɗe shi da wuƙa, ta ce, tana kallon ƙasa.
Ni ma ban yi dariya ba.

Yanzu dare ya raba.
Agogon yana tafiya a tafin hannuna, tsaf.
Tukunyar Graciete ta koma kan murhu.
Sai dai daga banɗaki,
can ƙasa-ƙasa,
na ji ɗis.
Sifana tana kan kujera tana kallona.
Na juya mata baya.
Ban dai jefar da ita ba.