Dutsen Magana

Ranar Laraba, bayan La'asar,
a ajin ƙarshe na wata makaranta a Tudun Wada,
nakan ja kujeru tara in yi da'ira.
Ba allo, ba bulala, ba mai zama gaba.
A tsakiya, ɗan dutsen da na tsinto a gindin Kufena:
wanda ya riƙe shi ke da baki,
saura duk kunnuwa ne.

Jazuli bai san jira ba.
Kafin ka ce kwabo ya cika ɗakin da barkwanci,
ya kwaikwayi tafiyar shugaban makaranta,
ya kwaikwayi tarina.
Ishaya ɗan Wusasa kuwa, ko sannu ka ce masa
sai ya tambaye ka me kake nufi.
Nazifi yana nan, amma idonsa na cikin waya,
babban yatsansa na ta kiwo a kan gilashi.

Ga Bara'atu.
Mako biyar dutsen na isowa gare ta
tana miƙa shi gaba kamar garwashi.
Na rubuta a littafina: kunya.
Na yi kuskure.

A mako na shida aka yi ruwa,
kwanon rufi ya hana mu jin juna,
muka matso da kujeru har gwiwa na taɓa gwiwa.
Da ruwan ya tsagaita, dutsen na hannunta,
ba ta sake shi ba.
Ta ce, “Su… su… su…”
Harshe ya maƙale. Ashe i'ina ce.

Na ga bakin Jazuli ya buɗe,
na ga dariyar ta taso har maƙoshi.
Ya dubi yatsunta na rawa kan dutsen,
sai ya haɗiye ta ɗungurungum.
Nazifi ya kife wayarsa a cinya.
Ba wanda ya ƙarasa mata kalmar,
har ni mai ƙaiƙayin gyara.

“Sunana Bara'atu.”
Shi ke nan abin da ta faɗa.

Jazuli ya miƙa hannu, karo na farko, ya roƙi dutse.
Ya ce, “Ni ma in an ce in karanta,
haruffa gudu suke mini.
Gara in riga ku dariya.”
Ishaya bai tambayi me yake nufi ba.

Da aka kira Magariba suka watse,
suna tsallen kwatami, suna musu kan kuɗin keke.
Na ɗauki dutsen zan sa a jaka,
na ji shi da ɗumi.