Saba'in da Uku, Ban da Rabi

Manhajar ba ta san keke ba.
Ta san ɗigo, ta san layi,
ta buɗe mini akwati goma sha ɗaya, duk wayam,
kowanne ya hangame baki
kamar ɗan tsuntsu a sheƙa.

Dare ya raba a Águeda.
Ruwa na dukan kwanon shago,
ni da linzami muna ta kai da kawo
a farin allo marar ƙasa, marar sama.

Na tono takardun kamfanoni.
Wannan ya ce bututun sirdi ɗari biyar da ashirin,
bai ce daga ina zuwa ina ba.
Daga cibiyar feda zuwa mahaɗa,
ko har leɓen bututu?
Tsakaninsu faɗin yatsa biyu ne kawai,
amma a yatsa biyu gwiwa ke lalacewa.
Wancan ya zana hoto tsaf,
ya ɓoye kusurwa kamar kuɗin adashe.

Na ja layi ɗaya in gyara,
huɗu suka yi ja wur.
Ashe bututun nan 'yan ɗaki ɗaya ne,
abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi.

Da safe na gangara wurin Amílcar.
Shekara arba'in yana walda,
bai taɓa kunna kwamfuta ba.
Lambobinsa da alli ya rubuta a bango,
bara ɗansa ya bi su da fenti.
Ya ce, "Benedita, keken wa?"
Na ce na mahaifiyata.
Ya ajiye guduma.
"To me kike nema a takarda?
Je ki auno Graciete."

Na tsayar da ita jikin ƙofa, ba takalmi,
littafi tsakanin cinyoyi, fensir a bakina.
Ta ce, "Yau kuma tela na haifa?"
Dama, ɗari bakwai da tamanin da huɗu.
Hagu ta gaza da tara,
tun faɗuwarta a matakalar masana'antar tangaram,
abin da ba ta taɓa gaya wa likita ba.

Na auna da safe, na sake da yamma.
Kafaɗarta ta sauko da milimita shida
bayan awa takwas tana jera faranti.
Wanne zan ba manhaja?
Amílcar ya ce na yamma.
"Tafiya aiki kowa ya iya.
Dawowa ake ƙera wa keke."

Sai tsohon kekenta, mai tsatsa har wuya.
Na ɗaura noti a zare,
na sake shi daga hancin sirdi,
ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya cik.
Na durƙusa a siminti ina karanta tazara.
Fatar sirdin ta lotsa gefen hagu,
shekara ashirin tana faɗin
abin da ma'aunina ya ji jiya.

Kusurwar gaba fa?
Littafi ya ce digiri saba'in da uku.
Tsoho ya ce, "Cire rabi.
Layinku duwatsu aka jera,
keke mai saurin fushi ba na uwa ba ne."

Na cika akwati, ɗaya bayan ɗaya.
Jan layi ya huce, ya koma baƙi.
Na kama firam da linzami na juya shi,
yana shawagi, ba taya, ba sarƙa,
ƙashi tsura,
amma na gane tsayuwar mai shi.

Tana bayana ashe, da kofin gahawa.
Ta sunkuyo, ta ƙura wa allo ido,
ta daɗe.
Sannan ta sa yatsa a gilashi, can gaba,
inda babu komai sai fari.
"Kwandon burodi fa, a ina zai zauna?"

Na jawo kujera.
Na buɗe akwati na goma sha biyu.