Kuɗin Fata

Salamu alaikum, Alhaji Nomau. Ɗanliti ne.
Kada ka turo yaro ya ce ka fita,
ga takalmanka nan a bakin zaure,
lakar jikinsu ko bushewa ba ta yi ba.

Yau ban zo da ganga ba.
Tana can Kwalam rataye a ƙusa.
Baki na kawo, da yatsu goma na lissafi.

Shekaranjiya ka kira gayya.
Fartanya arba'in da ɗaya ta shiga gonarka ta bakin fadama,
tun raɓa ba ta kaɗe ba ina biye da su,
ina kiran kowa da sunan kakansa.
Da Barau ya miƙe ya dafa ƙugu
na buga masa takensa,
ya sunkuya kamar wanda kunama ta harba,
ya share kunya bakwai kafin fura ta iso.
Aikin kwana huɗu ya ƙare da la'asar.
Me ya ja su? Ba tuwonka ba ne, Alhaji,
miyar ma ba ta ji daddawa ba.

Mai tarakta ka sallame shi kafin ya murza makulli.
Mai taki ka ƙirga masa kana lasar yatsa.
Ni goro biyu ka miƙo mini, ɗaya da tsutsa,
da Allah ya yi albarka.
Amin.
Na kai ta gida, Tabawa ta zuba a tukunya,
har isha ba ta nuna ba.

Ka san kuɗin fata?
Je ka Gujungu ranar Lahadi ka taya ta akuya,
ta haɗiye liƙin biki uku ba ta yi gyatsa ba.
Ga tsirkiya, ga ɗan acaɓa zuwa da dawowa,
ga zuma da citta na maƙogwaron da ya dushe a gonarka.
'Yan amshina biyu ba iska suke ci ba.
Matar Cindo ta sauka ranar Talata,
har yanzu rago bai san hanyar gidansa ba.

A Gujungun ne ma na ji kaina.
Ina tafe, sai ga muryata daga shagon cajin waya,
har da tarin da na yi a bikin 'yar Sarkin Pawa.
Na tsaya. Yaron ya ɗago ya ce,
Baba, a tura maka? Naira ɗari ce, tana tashe.
Na laluba aljihu.
Ban da kuɗin sayen bakina.

Zamanin mahaifina, idan kaka ta yi,
dami ke zuwa ƙofarmu a bayan jaki,
babu shaida, babu sa hannu,
kunya ce takardar.
Ban san wace shekara gara ta cinye ta ba.

Maroƙa kuke ce mana, mun amsa,
sunan ya girme ni, ba zan yi faɗa da shi ba.
Amma mai roƙo ba ya zufa tun asuba.
Duba kafaɗar nan, inda igiya ta kwanta shekara talatin.
Duba tafin nan.
Kantar roƙo ce wannan?

Dubu takwas, da dami biyu idan an yi girbi.
Ban sa riba ba, ban sa kirarin da na ƙara maka ba,
wanda ni da kai mun san ya fi ka tsawo.

In ya yi maka yawa, babu komai.
Baɗi ka kafa waya a kan kunya, ka ƙure mata murya,
mu gani ko ta san lokacin da Barau ya gaji,
ko ta san sunan kakansa.

Ga dakali, zan zauna.
Yau babu biki ko'ina, ba na sauri.