Kwalaben Hawa na Huɗu

A Lublin, ranar Lahadi da dare,
jirgin ƙasa yakan amayo mu da jakunkuna masu ƙara.
Ƙwaras-ƙwaras a kan matakala,
don lifta ta mutu tun kafin a haife mu.
Madam Genowefa mai tsaron ƙofa ba ta ɗaga kai daga saƙarta,
da kunne take sanin wanda ya je gida.

Firiji ɗaya, mu ashirin da shida.
Kowace kwalba da suna a murfi,
rubutun uwa, ba na ɗa ba:
miyar Dobrawa ja wur kamar garwashi,
kabejin Tymon mai tsamin da ke tsallake ƙofa biyu,
naman kazan da kakata ke tsintowa a daji
ta hana kowa sanin gindin bishiyar.

Sai kwalabe suka fara ramewa.
Ba ɗauke su ake ba,
cokali biyu nan, cokali uku can,
sai ka ce ɓera ya yi karatun lissafi.

Muka yi taro a kicin, har da magatakarda.
Tymon ya bugi tebur, ya ce a sa kwaɗo.
Dobrawa ta ce a ɗana tarko da gishiri kofi guda,
wanda ya kwana shan ruwa, shi ne.
Aka watse ba a tsai da magana ba,
kowa na auna kumatun maƙwabcinsa da ido.

Daren jarrabawar sinadarai barci ya ƙaurace mini.
Bututun ɗumama ɗaki na ta ƙwanƙwasa kansa,
dusar ƙanƙara ta cinye rabin taga.
Na fita neman ruwan zafi, uku da 'yan mintuna.
Hasken firiji kaɗai ne a kicin,
da bayan mutum a cikinsa.
Lucjan na ƙarshen baranda,
mai gyara mana fitila ba a roƙe shi ba,
wanda Lahadi ke tararwa inda Juma'a ta bar shi.
Bai ci a tsaye ba.
Ya zauna, ya shimfiɗa hankici a gwiwa,
ya karanta murfin tukuna, leɓɓansa na motsi,
sannan ya kai cokali.
Kwalbar kakata ce.

Na koma da baya, saɗaf-saɗaf,
kofina fanko, kunnuwana na zafi
kamar ni aka kama.

Ban faɗa wa kowa ba. Na rantse.
Amma bangon gidan nan kwali ne,
kuma ba ni kaɗai barci ke yi wa rowa ba.
Wata Litinin sai ga kwalba a sahun ƙasa, murfinta fari fat.
Mako na gaba, biyu.
Tymon mai kwaɗo ya ce tsufa ne ya kama uwarsa, tana manta rubutu.
Ya faɗa yana kallon silin.
Ba wanda ya ce, Lucjan, ci.
Shi ma bai ce ya gode ba,
famfon da ya shekara yana ɗiga ne dai ya yi shiru.

A watan Yuni muka ɗaure kaya.
Ɗakinsa a buɗe, katifa a naɗe, ko sallama.
A bakin taga kwalabe goma sha tara,
wankakku, a kife, rana na wasa a gindinsu.
Muka yi cirko-cirko,
ba mai bakin cewa wannan tawa ce.
Madam Genowefa ta hawo da gwiwarta mai ciwo,
ta kwashe su a kwando,
ta ce za ta ajiye wa 'yan Oktoba.

Kakata har yau tana ƙirga nata duk kaka.
Takan ce, Ignacy, uku ba su dawo ba.
In ce sun fashe a jirgi.
Ta dube ni ta saman tabarau,
ta jawo wata ta cika, ta murɗa murfi,
alƙalami na gefenta, ba ta taɓa shi ba.