Sha Biyu Kacal

A Paysandú, a lungun da ke gangarawa kogi,
Don Anacleto ke ajiye da Studebaker ɗinsa,
ƙirar hamsin da ɗaya, mai hanci kamar harsashi.
A da koriya ce shar. Yanzu launinta
na ganyen mate ne da aka tsotse aka zubar.

Na zo da kyamarar kakata a wuya,
mai ido biyu, wadda ake leƙawa ta sama
kamar mai duba ruwa a rijiya.
Fim ɗaya gare ni. Sha biyu kacal.
Mai sha biyu ba ya ɓarnar ƙiftawa.

"Ɗauki motar," in ji shi, "ni ki ƙyale ni,
fuskata ta sha faci ya ishe ta."
Ya ja gefe, filas a hammata,
yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun baƙi.

Na farko, fitilar hagu mai tsaga siririya.
Na biyu ya tafi a banza, kare ya gifta.
Uku, huɗu, tsatsa a gindin ƙofa
ta zana taswirar ƙasar da ba kowa.
Kujerar baya ta lotsa a gefe guda.
Ya ce nan Zulmira ke zama, ba ta yarda da gaba,
wai tuƙinsa sai da addu'a.
Na sauke kyamara.
Da ya juya baya, na ɗauka.

Sai gajimare ya zauna wa rana a ka.
Muka jira. Ya miƙo ƙoƙon, na zuƙa,
ɗaci ya sauka har cibiya.
Bai ce komai ba, ban ce ba.
Shi ya taɓa jiran kabireto shekara biyu,
mene ne minti arba'in?
Da haske ya dawo, na durƙusa gaban bamba,
na riƙe numfashi. Ƙyas.

Sati uku fim na firji kusa da man shanu
kafin kuɗin sinadari su samu.
Na toshe ƙasan ƙofar banɗaki da tawul,
na wanke shi a duhu, da lalube.
Washegari, ƙarƙashin jan ƙwai,
farar takarda na lilo a cikin ruwa,
ƙarfe ya fara tasowa kamar mai farkawa,
kuma can cikin sheƙin bamba, a lanƙwashe,
bai fi ƙwayar wake ba,
ga shi tsaye, hula a ƙirji,
yana kallonta.

Na kai masa ranar Talata.
Ba mota. Sai tabon baƙin mai a ƙasa.
Wani daga Porto Alegre ya biya,
kuɗin za su tafi cire yanar ido.

Ya kai hoton dab da hanci, ya daɗe.
"Kin kamo ta," ya ce. "Ita ce.
Amma wane tsoho ne wannan
ya shigo ya ɓata miki bamba?"