Matsa Hagu Kaɗan

Tafkinmu bai fi faɗin gado biyu ba.
Douwe ya haƙa shi da shebur
shekarar da ya ajiye aikin gidan waya,
ya shimfiɗa baƙar roba a ƙasansa,
ya zuba jajayen kifaye tara.
Zalɓe ya bar mana shida.

A nan Bolsward ƙasa shimfiɗe take kamar faranti,
iska in ta taso daga teku
ba ta samun mai ce mata tsaya.
Na ce, Douwe, ruwan nan tsirara yake,
ba ya kallon kowa sai sama.
A samo masa bishiya.

Ran Asabar muka hau kekuna
zuwa lambun Sjoerd mai sayar da dashe,
muka yi ta ratsa layin tukwane,
kowace da takardar kuɗi rataye a wuya.

Douwe ya toge gaban wilo,
mai sakin gashi har ya taɓa ruwa,
irin na bakin magudanar gidan kakansa.
Sjoerd ya girgiza kai.
Wannan, in ji shi, ƙishirwarsa ba ta da kunya.
Saiwarsa za ta bi sawun ruwa a ɓoye,
ta huda robar,
ka wayi gari kifinka na kwance a taɓo.

Ni kuwa 'yar Japan ce ta ɗauke mini ido,
ganyenta ja wur, yatsu bakwai-bakwai,
sirara, ba sa daina rawa.
Kuna da katanga ta yamma?
Ba mu da ita.
To iska za ta ƙone mata yatsu kafin Yuli,
ki ƙare kina jinyar kyau.

Mun duba wata mai manyan furanni farare,
kwana goma tana ado,
sauran shekara tana zubar da shara.
Ruwa ba ya tsami banza, in ji Sjoerd,
ganye ne ke ruɓa a ƙasa.

Can bayan rumfa, kusa da tulin taki,
wata tuffar daji ta karkace kafaɗa ɗaya,
an rage mata kuɗi har sau biyu.
'Ya'yanta ba su fi ƙwayar ido ba, ga tsami,
mutum ba ya ci, sai tsuntsaye in sanyi ya kankama.
Saiwarta ba ta yawon gidan mutane.
Nan da shekara goma
za ta kai rufin ɗakin kekuna, ta tsaya nan.

Shekara goma.
Na ga leɓen Douwe na motsi,
yana ɗora goma kan saba'in da huɗu.
Bai faɗi jimillar ba.
Ya ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi,
wannan kuwa ta tanƙwara kanta,
ta hutar da mu.
Ya zaro jakar kuɗi.

Muka ɗaure ta a bayan kekensa,
tana ta rusuna wa shanun bakin hanya.

A gida ya rungumi tukunyar, ya tsaya bakin ruwa,
ni na shiga kicin, na tsaya inda nake wanke-wanke,
don daga wannan taga zan riƙa ganinta.
Ba ta hannunsa nake kallo ba,
waccan ta cikin ruwa nake kallo,
mai kai ƙasa, mai karkatowa wajena.

Na ƙwanƙwasa gilashi. Matsa hagu.
Ya matsa.
Ka wuce. Dawo.
Ya ce wani abu game da gwiwarsa
da gilashin bai bari na ji ba.
Hagu kaɗan. Kaɗan dai.

Sai 'yar inuwarta ta faɗa ruwa,
ba ta fi faifai ba,
kifaye shidan suka taru a ƙarƙashinta
kamar dama ita suke jira.

Zalɓe na tsaye kan rufin maƙwabta da ƙafa ɗaya,
ya karkata kai yana neman abin da ya ɓace masa.
Douwe ya ajiye tukunyar,
ya dafa ƙugu,
ya tafi ɗauko shebur.